Badamagare da Ƙauyen da Babu Kasuwa

Akwai wani ƙauye a ƙasar Faransa wanda ban taɓa taka shi ba, ba na kuma jin zan taka, amma ko daga barci aka tashe ni zan faɗa maka inda rafinsa ya fito da inda ya nufa. Sunansa ne kawai ya gagare ni. A hanci ake faɗarsa, ni kuwa hancina ba don magana aka yi shi ba. A nan Guangzhou na yi wannan karatu, a wani ɗan gidan abinci na Musulmin Sin da ke bayan kasuwar Canaan. Ni da ban ƙarasa firamare ba, sai ga shi da tsufana na zama shehin malami a kan dutsen wasu mutane.

Sanadin karatun wani Badamagare ne, abokina. Ya ɗan girme ni, ko da yake yana musu. Ni tufafi nake turawa Kano, shi kuma kayan koli yake turawa Damagaram da Maraɗi: allura, zare, madubi, tocila, kwaɗo, tabarau na karatu, duk ƙananan abubuwan da mutum ba ya tunawa da su sai sun ɓace masa. Tsakanin Bakano da Badamagare kuwa an san abin da ke akwai. Shi yana kirana bawan gidansu, wai kakanninsa sun taɓa koro nawa har bakin ganuwa. Ni kuma ina ce masa gaskiya ne sun zo bakin ganuwar, amma tsayawa suka yi suna tambayar nawa ake sayar da goro. A kan haka muka yi shekaru muna cin taliya a tebur ɗaya, ba ranar da muka rabu ba mu zagi juna ba.

To, sai jiki ya fara ba shi labari. Ciwon suga ya kama shi, ƙafafunsa suka riƙa kumbura har takalmi ya daina shiga sai silifa. Gadar ƙafa da muke hawa mu tsallaka titi a Sanyuanli, wadda a da yake riga ni sauka yana yi mini dariya, ta koma sai ya huta a tsakiya yana yi kamar motoci yake kallo. Wata rana ya zauna a matakalar kasuwa ya kasa tashi, sai da wata mai shago ta sa masa alewa a baki. Mai ɗakinsa ta rasu tun tuni, 'ya'yansa mata suna gidajen mazajensu, shi kaɗai yake kwana a ɗaki a saman bene. Kowa a cikinmu ya san zaman nan ba zai ɗore ba.

Yana da ɗa likita, ɗan fari, wanda ba ya taɓa kama sunansa. "Wancan yaron" yake cewa, yana kallon gefe. Yaron ya yi karatu a Yamai ya ƙarasa a Faransa, kuma shi ne ya je ya zauna a wannan ƙauye da nake ba ku labari. Ya ce wa ubansa ya tattara ya koma wajensa, ga ɗaki, ga jikoki, ga likita a cikin gida. Uban ya ce ba ya zuwa.

Na ce, "Alhaji, me ya sa? Ko tsoron jirgi kake yi, irin naku na mutanen daji?"

Ya ce, "Bawa, rufe mini baki. Na tambaye shi wace rana ce kasuwarsu ke ci, ya ce ba su da kasuwa."

"Ko ta mako-mako?"

"Ko ta shekara-shekara. Kai ka taɓa jin gari ba kasuwa? Ai makabarta ce da hayaƙi."

Likitan yakan kira bayan la'asar ɗinmu, lokacin su gari bai daɗe da wayewa ba. Yakan riƙe wayar yana tafiya wajen aiki yana nuna wa uban gari, ko Allah zai sa ya ga abin da zai burge shi. Uban sai ya turo mini wayar ya ce, "Ungo, kai ne mai son kallo." Da haka na shiga makaranta.

Ga yadda ƙauyen yake, kuma a riƙe da kyau don ba zan maimaita ba. An liƙa shi ne a jikin dutse, kamar gidan zanzaro a jikin bango. Duwatsun kuwa ba irin Dala da Goron Dutse ba ne, waɗanda ɗan akuya ke hawa ya sauko kafin a gama dama fura. Waɗannan idan ka ɗaga kai kana neman ƙarshensu hularka za ta faɗi. Hanya ɗaya ce tak take hawa can, tana lanƙwasa kamar hanjin rago. A ƙasa akwai kwari, a cikin kwarin akwai rafi mai gudu da ƙara, ruwansa ƙanƙarar da ta narke ce daga sama. Kwarin gefe biyu gare shi, ɗaya rana na duka, ɗaya inuwa. Mutanen da suka kafa garin ba wawaye ba ne: sun gina gidaje da gonaki a gefen rana, suka bar wa itatuwa gefen inuwa. Duk da haka idan sanyi ya shigo rana takan leƙo ne kawai ta gaisa, ta faɗa bayan dutse tun la'asar ba ta yi ba.

Badamagare ya ce, "Ka ji ko? Garin da rana ma ba ta son zama. Yaya mutum zai gane lokacin salla?"

Na gyara murya na ce, a matsayina na malami, ai ranar ba faɗuwa ta yi ba, ɓuya ta yi, kuma wayar da ke kiran salla a aljihunsa a nan Sin za ta kira a can. Ya ce fatawar Bakano sai an wanke ta kafin a yi amfani da ita.

Arzikinsu kuwa ciyawa ce. Kada a yi dariya, da gaske nake. Ƙasar ta yi tsaye da yawa, garma ba ta da inda za ta tsaya, sai ɗan dankali da kabeji a bayan gida. Amma ciyawa akwai ta har ta yi yawa. Idan ƙanƙara ta narke sai a kora shanu sama, can kusa da gajimare, su yi wata da watanni a mashekari da ƙararrawa a wuya. Mutanen ƙasa kuma su duƙufa yankan ciyawa suna shanyawa suna cusawa a saman gida, don ita shanun za su ci idan suka sauko. A da, in ji likita, shanun a ƙasan ɗaki suke kwana mutane a sama, ɗumin saniya shi ne wutar gida. Nonon kuma ba gidan da nasa zai isa a yi cuku, don cukunsu ba irin na Nijar ba ne da ake sawa a aljihu, wannan ya kai tayar babur. Saboda haka sai su haɗa nono wuri ɗaya, yau cukun na wannan gida, gobe na wancan. Na ce wa Alhaji ai adashe ne wannan, na nono. Ya ɗan saurara, sannan ya tuna yana fushi, ya ce cukun da ba a iya sawa a aljihu ba cuku ba ne.

Akwai kuma baƙi masu zuwa lokacin sanyi su hau wani dutse da ke kusa su sulalo a kan ƙanƙara, su koma su sake sulalowa, kuma su ne ke biya. Na yi iya tunanina ban gane wannan sana'a ba. Likita ya ce ita ma ta ja baya, don ƙanƙarar ba ta zuba kamar da. Samari sun gangara birni. Makaranta ta rufe, yaran da suka rage mota ke kai su wani gari. Shagon da ke akwai guda ɗaya, mai shi ya mutu ba wanda ya gada. Burodi ma wata mota ce ke hawo da shi, ta yi hon a bakin coci. Da tsohon likitansu ya yi ritaya sai suka rataya ƙyalle a bakin hanya suna cigiyar wani, ga gida kyauta. Haka ɗan Damagaram ya samu gari. Magajin garin kuwa mace ce, mun gan ta sanye da takalmin roba tana fitowa daga garke.

Wata rana likita ya tsaya gaban wani dogon dutse da aka sassaƙa a tsakiyar gari, an rubuta sunaye a jikinsa daga sama har ƙasa. Ya ce mazan garin ne da suka tafi yaƙin duniya ba su dawo ba, wani gidan ma sunansa ya fito a jere a jere. Ranar Alhaji bai turo mini wayar ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ƙanen kakansa ma Faransi ta ɗauka soja, har yau ba a san inda ya kwanta ba, ba kuma dutsen da aka rubuta shi. Ban tsokane shi ba ranar. Na bari sai washegari na haɗa masa na kwana biyu.

Ana cikin haka likitan ya kira ni a tawa wayar. Ya ce, "Baba, ku ne yake jin maganarku, ko da zagi ne. Ƙafar nan tasa idan aka bar ta haka, ina tsoron abin da zai biyo baya. Ku taimaka mini."

Sai na koma ɗan talla. Na yabi iskar garin, na yabi ruwan, na yabi shanun ɗaya bayan ɗaya. Alhaji ya bar ni na gama, ya ajiye cokali.

"Yaron ne ya aiko ka."

"Ni Bakano, ɗan Damagaram ya aike ni?"

"Ji nan. Tun ban kai tsawon wannan tebur ba nake bin mahaifina da tire. Ban taɓa wayar gari ba abin sayarwa a hannuna ba. A nan ko ƙafata ta kumbura, idan na shiga kasuwa ana cewa ga laoban ya zo, ana jawo mini kujera." Laoban shi ne maigida a bakin mutanen nan. "A can me zan zama? Uban likita. A zaunar da ni a taga da bargo ina kallon saniya, saniya tana kallona. Gara in faɗi a matakalar kasuwa."

Ni ma da an tambaye ni, abin da zan faɗa ke nan.

Abin da ya juya maganar ba ni ba ne, ba kuma likita ba. Wata tsohuwa ce, maƙwabciyarsa, wadda yake duba wa hawan jini. Ta tare shi a hanya yana waya, da ta ji da mahaifinsa yake magana ta ce sai ta gaishe shi. Fuskarta ta cika wayar, farin gashi, ga tabarau a karkace. Alhaji ya yi lakwal, wato bokon Nijar, yana yaro, Faransancinsa yana nan, sai dai ya yi tsatsa. Suka gaisa. Ta tambaye shi sana'arsa. Ya faɗa mata a gajarce, kamar mai jin nauyi: allura, zare, maɓalli, irin waɗannan. Tsohuwa ta kama hannun rigar likita ta ja shi har cikin gidanta.

A kusurwar ɗaki akwai wani akwatin katako, dogo, da maɗauri biyu na fata irin na goyo a baya. Ta buɗe shi. Cikinsa ƙananan aljihuna ne jere-jere, kowanne da ɗan maɓallin ja. Ta ce na kakanta ne. Alhaji yana ji yana juya mini da Hausa, tun yana yi da gatse har ya manta da gatsen. Wai a da, idan ƙanƙara ta rufe gari, ba noma ba kiwo, abincin gida kuma ba zai kai kowa ba, sai maza su goya irin wannan akwati su gangara. Su bi ƙauyukan ƙasa gida-gida da ƙafa, suna sayar da allura da zare da almakashi da tabarau, suna kwana a rumbun mutane. Mata su zauna da shanu da yara. Sai ƙanƙara ta narke mazan su hawo, a kama yankan ciyawa.

Alhaji ya dube ni ya ce, "Bawa, ci-rani."

Na ce, "Na ji."

"'Yan koli ne. Duk garin 'yan koli ne."

Mahaifin Alhaji ma haka ya yi. Da an gama girbi sai ya ɗauki adudu a ka ya yi kudu, kasuwa-kasuwa har Kano, sai hadari ya fara haɗuwa ya koma gona. Alhaji ya jawo wayar kusa da hancinsa ya shiga yi wa tsohuwa tambayoyi kamar alƙali. Wane aljihu ne na allura? Ta nuna na sama. Ya ce daidai, don kada damshi ya kama ta. Idan kakan ya isa gida matar gidan ta ƙi buɗe ƙofa fa? Ta ce sai ya ba yaran gidan ɗan ƙyalle mai launi, su za su jawo uwar. Alhaji ya yi dariya har da tari, ya ce nasa uban alewa yake bayarwa. Yana yin gyara? Sai da likita ya sa baki kafin ta gane, ta ce ƙwarai, wanda ya sayi zare akan ɗora masa allura ɗaya.

Sannan ya ce, "To yanzu idan allurarki ta karye, ina kike saya?"

Ta ce sai an sami mai gangarawa birni da mota, ko ta jira 'yarta ta zo hutu. Ta cire tabaran ta nuna masa. Ƙafa ɗaya ta karye, da zare ta ɗaure ta.

Aka kashe waya. Taliyarsa ta huce. Can ya ce, "Jikar ɗan koli, da tabarau ɗaure da zare." Ya faɗe shi kamar an zagi danginsa.

Washegari da hantsi ya riga ni zuwa kasuwa, da silifarsa da sandarsa. Ya ce zai tafi, amma ba hannu sake ba. Likita ya yi murna, sannan ya tsorata, ya ce, "Baba, takardar da za a ba ku ba ta ciniki ba ce, ba a yarda ku sayar da komai ba." Alhaji ya ce, "Wa ya ce maka sayarwa? Mutanen da suka ba ɗana gida zan je musu ba tsaraba?"

Takardun sun ɗauki lokaci, shi kuwa bai ɓata lokacin ba. Da farko lissafin kwantena yake yi daga tashar jiragen ruwa ta Nansha. Sai da na tashi tsaye a matsayina na masanin ƙasar, na tuna masa hanyar nan mai kama da hanjin rago, na ce babbar mota ba za ta sha kwanar farko ba, kuma ko ta sha, tocilan da ke ciki sun fi mutanen garin yawa har da shanunsu. Ya zage ni, ya sauko zuwa akwati biyu. Muka bi shaguna. Inda aka ce meiyou, wato babu, sai ya tsaya ya ƙi tafiya har a shiga ciki a nemo. Tabarau ya fi saya, kowane ƙarfi, don ya sa likita ya faɗa masa tsofaffi sun fi yawa. Ya sayi allura mai faɗin ido saboda masu raunin gani. Rabon da in ga ya tsallake gadar nan bai tsaya kallon motoci ba har na manta, amma a kwanakin nan ya yi, ko da yake daga baya ya biya da ƙafarsa a cikin ruwan ɗumi.

Ni kuma na shiga Canaan na saya masa wata ƙatuwar rigar sanyi mai kama da katifa. Ya gwada ta a shagon, ya tsaya kamar buhun auduga. Ya ce, "Aikin bawa ke nan, ya tufatar da ubangidansa." Na ce sadaka ce, kuma an fi lada idan aka ba matalauci na nesa.

Na raka shi filin jirgin sama na Baiyun. A bakin inda ba a barin mai rakiya ya wuce, ya riƙe hannuna bai saki ba, yana ta kallon allon jirage kamar yana iya karanta rubutun Sin. Ya ce in riƙa biyan kuɗin taliyata da kaina yanzu. Na ce ya gaida saniya. Ya shige yana ɗingishi, rigar katifa a kafaɗa. Na koma gidan abincin nan na zauna, mai gidan ya kawo kwano biyu bisa sabo, ya dubi kujerar, ya mayar da ɗaya.

An ɗan jima kafin ya kira. Da ya kira kuwa ba a taga na gan shi ba. Yana zaune a barandar tsohon shagon nan da aka rufe, cikin rigata, ga tebur a gabansa, a kan teburin ga akwatin kakan tsohuwa a buɗe, kowane aljihu cike. Ita ta ara masa. Ranar da motar burodi ke zuwa yake fitowa, tunda ranar ce mutane ke taruwa. Ya juya wayar na ga dutsen a bayansa, fari fat, na gane shi kamar ɗan unguwarmu.

Na ce, "Alhaji, yaya tsaraba?"

Ya ce, "Bari kawai. Mutanen nan ba sa karɓar kyauta. Ka ba mace allura, sai ta koma gida ta dawo da ƙwai. Ka ba tsoho tocila, ya kawo maka cuku. Wani zuma ya kawo, wancan yaron ya ƙwace."

"To ai ka samu yadda kake so."

"Ina fa. Ba su iya ciniki ba. In na ce tabarau ƙwai shida, sai su ajiye shida su yi godiya. Ba mai cewa uku. Ba mai juya baya ya yi kamar zai tafi in kira shi. Rannan har raina ya ɓaci. Amma na fara koya musu. Tsaya ka gani."

Ya kira tsohuwar. Ta matso da sabon tabarau a fuskarta, a miƙe, riƙe da wani yankin cuku. Alhaji ya ɗauki zare ɗaya ya ajiye a gabanta, ya nuna cukun. Ta dubi zaren, ta dube shi, ta ɗaga haɓa kamar 'yar kasuwar Kurmi, ta ce da Hausa, a hanci, "Albarka."

Ya ƙara zare ɗaya. Ta ce albarka. Sai da ya ɗora allura ta miƙa cukun.

Likita ya ce mini ƙafar ta saɓe, sugan ma ya fara jin magana, sai dai rigimar zuma ba ta ƙare ba. Ni kuwa aiki ya ƙaru mini, don duk bayan 'yan makonni sai saƙo ya zo: bawa, baƙin zare ya ƙare, bawa, a nemo almakashi mai kyau ba irin na Kanawa ba. Ina zuwa in saya in ba masu kai kaya ta jirgi. Saboda haka duk wanda ya riƙe darasin da na bayar a sama, ya gyara wuri ɗaya. Ƙauyen yana da dutse, yana da rafi, yana da shanu, kuma yanzu yana da kasuwa. Tebur ɗaya ce, tana ci ranar burodi.